Bututun da Na Yanke

Kwana arba'in ne, wanka biyu a rana, safe da yamma. Wanka tamanin ke nan. Kowane wanka yana cin garwa huɗu ta tafasasshen ruwa, kuma daga murhunmu zuwa ƙofar makewayi taku goma sha bakwai ne, na auna da ƙafata. Duk garwar da za a ɗauka mace ce za ta ɗauke ta, a kan ƙasa mai santsi, don haihuwar za ta faɗo ne tsakiyar damina. Lissafin da na yi ta juyawa a kaina ke nan tun da cikin mai ɗakina ya shiga wata shida.

Ina da dalili. A haihuwarta ta biyu, ana kwana na tara da wankan jego, wata maƙwabciya da ke taya mu ta ɗauko garwa daga murhu. Tana isa bakin makewayi sai katakon mariƙin ya fizge daga ƙusa, ruwan ya zube wa mai ɗakina a ƙafar hagu, daga ƙauri har idon sahu. Ta yi wata biyu ba ta taka ƙafar sosai, tabon kuwa yana nan har ta tsufa. Garwar daga rumfata ta fito, kuma ni na buga mariƙin da hannuna.

Gwaggonta, ƙanwar mahaifinta wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, ita ke zuwa daga Zariya ta yi mata wanka duk haihuwa. Ranar da za ta koma a wancan karon ta faɗa, ba ni ta kalla ba amma da ni take, cewa haihuwa ta gaba a gida za a yi wankan, inda tukunya ke gindin makewayi kuma akwai mata da yawa. Tana da gaskiyarta. Amma na san tafiya wankan gida sunanta kawai kwana arba'in. In an tafi sai a yi wata huɗu, wata biyar, ana cewa jariri bai yi ƙwari ba. Za ta tafi da yaran biyu, ni kuma in koma cin tuwon kasuwa, in dawo gida in tarar da kaji. Ba zan ce duk tausayi ne ya dame ni ba. Rabi tausayi ne, rabi kuma ba na son gidana ya zama kango.

Ni ɗan gwanjo ne. Da tabarma da buta na shigo Kaduna, na fara da sayen kwalabe da garewanin kananzir a bayan gidajen Turawa, daga hannun kukunsu. A hankali na kai ga rumfa, ina sayar da tsohon kwanon rufi, da ƙyamare, da ƙusa, da bututu sabo da tsoho. Da wannan na gina gidana a Unguwar Sarki, ɗaki uku da zaure, da rijiya a tsakar gida. Abin da sana'ar ta koya mini ɗaya ne: duk abin da na gani, sai in tambayi kaina me yake yi, in ba ya yin komai wa zai saya. Wannan tambayar ta ciyar da ni shekara da shekaru, ita ce kuma ta kusa jefa ni a wannan labarin.

A shekarun nan ana ta gini a Kaduna, ana kuma gyara tsofaffin gidajen manyan ma'aikata. Wani ɗan kwangila ya sami aikin sabunta ruwan zafi a wani gida a unguwar Turawa. Ya sayi bututu a wajena, muka shirya cewa duk abin da aka cire ni zan kwashe. Na je da amalanke da babbar guduma, da niyyar in farfasa ƙarfen in kai wa maƙera.

A bayan kicin na tarar da wani ɗan ɗaki baƙi ƙirin da hayaƙi. A ciki akwai tukunyar ƙarfe mai siffar akwati, da ƙofar zuba itace a gabanta. Sama da ita akwai tanki na jan ƙarfe, bututu biyu sun haɗa su. Kukun gidan ya ce shekara da shekaru shi ke hura ta, amma yanzu ruwan ja yake fitowa, siriri kamar zare, matar gidan kuma ta ce ita na lantarki take so. Da aka yanke tsofaffin bututun na leƙa ciki, tsatsa da laka sun cika su, tsinken tsintsiya ma da ƙyar zai wuce.

Mai aikin famfon da ke kwance kayan na san shi, yakan sayi kaya a rumfata. Mutumin kudu ne, Kirista, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu 'yan birni. Ina ce masa Injiniya don tsokana, shi kuma yana ce mini Sarkin Gwanjo. Da ya ga na ɗaga guduma sai ya ce in dakata, tukunyar lafiyarta lau, bututun ne suka mutu. Ya nuna mini yadda take aiki: ruwan da ya yi zafi shi ke hawa tanki da kansa, mai sanyi ya sauko tukunya, haka suke ta zagayawa ba mai tura su. Na ajiye gudumar. Na tambaye shi ko sai da famfon gwamnati take aiki, don mu rijiya gare mu. Ya ce ita ba ruwanta da gwamnati, abin da take so kawai ruwa ya zo mata daga sama. In na ɗora duro a kan wani abu mai tsawo, na cika shi, shi ke nan.

A nan tsaye na ga abin gaba ɗaya. Ruwan sanyi za a riƙa ɗauka, ba na zafi ba. Mai zafin zai bi bututu ya ratsa bango ya zuba cikin kwatarniya a gaban mai jego, ba wanda ya taɓa shi. Na gaya masa abin da ke raina, har da labarin ƙafar. Ya ce shi ma matarsa tana wankan jego, uwarta ke zuwa daga ƙauye ta yi mata, ya san wahalar. Muka shirya zai riƙa zuwa bayan an tashi aiki da ranar Asabar, ni kuma in ba shi kwanon da zai rufe ɗakin da yake ginawa.

Mako uku muka yi. Duk ranar da zai shigo sai mai ɗakina ta shige ɗaki ta saki asabari, tana leƙenmu ta tsakanin kara. Muka gina wa tukunyar 'yar rumfa a jikin bangon makewayi, muka kafa ginshiƙin bulo muka ɗora duro, na haɗa tsani. Bututu duk sababbi ya sa, bai yarda da tsoho ko ɗaya ba, ko da na kawo masa waɗanda a idona ba su da aibu. Yana yanka musu haƙora, ya naɗa zare, ya shafa jan fenti, ya ɗaure da sifana. Wani lokaci sai ya kwance abin da ya ɗaura jiya don wai gangaren bai yi ba. Ina tsaye ina ganin yamma tana tafiya a banza.

Cikin tsofaffin kayan ɗaya kawai ya mayar. Wani dogon bututun jan ƙarfe ne, ya fi tsawon mutum biyu, cikinsa fes don ruwa bai taɓa zama a ciki ba. Ya ɗaura shi a saman tanki, ya miƙe tsaye har ya wuce duro, kansa a lanƙwashe kamar sandar tsoho, bakinsa a buɗe. Na bi shi da ido daga ƙasa har sama. Ba ya kawo ruwa, ba ya kai ruwa ko'ina.

Na ce, "Injiniya, wannan fa, me yake ɗauka?"

Ya ce, "Ba ya ɗaukar komai. Hancinta ne. Kada ka taɓa shi."

Ya fara wani bayani a kan tururi, amma hadari ya taso, yana ta tattara kayan aikinsa, ni kuma na saurare shi irin sauraron da nake yi wa masu aikin hannu. Na saba da su, kowa yana son ya ƙara kaya a aiki don a ce ya iya. Ranar Asabar ce muka gama. Ya ce a bar siminti ya sha iska, ranar Talata da yamma zai zo mu hura wuta tare.

Ranar Lahadi yana coci. Da hantsi ina zaure sai ga wani maƙerin farfaru da nake ciniki da shi, irin masu yin munduwa da zobe. Ya ce tun daga kan hanya ya hango wani abu yana ƙyalli ta saman katangata. Na shiga da shi bayan an yi wa mata magana, ya ƙwanƙwasa bututun da farce, ya taya. Na tsaya na yi tunani, kuma tunanin da na yi a ganina mai kyau ne. Abu ne buɗe yana kallon sama. Zafin da na saya da itace ta nan zai riƙa tserewa. Ƙadangare zai iya faɗawa ciki. Bature yana da kuɗin da zai kafa jan ƙarfe don ado, ni ba ni da shi. Na ɗauko zarto na yanke shi, na bar kamar taki ɗaya a saman tanki, na dandaƙe bakin da guduma, na ninke shi na sake dandaƙewa har na tabbata ko iska ba za ta fita ba. Har daɗi na ji, ina ganin na gyara wa Injiniya aiki.

Ranar Litinin sai ga Gwaggo, ba mu zaci zuwanta ba sai ƙarshen mako. Ta zo da ƙunshinta, da kanwa da yaji, amma ta bar babban akwatinta a Zariya, alamar ba zama ta zo yi ba, ɗauka ta zo yi. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta. Mai ɗakina ce ta gaya mata labarin tukunyar, a hankali, tana yi tana kallon ƙasa. Gwaggo ta fito ta zagaya rumfar, ta leƙa ƙofar itace, ta ɗaga kai ta dubi duro. Ta ce to, a hura ta gani.

Da na ce a jira gobe, da ba abin da ya faru. Amma na ga dama ce ta zo, ga shi kuma ina son ta ga ni na iya, ba sai an kira wani ba. Na hau tsani na cika duro, na zuba busasshen itacen da na saya wajen matan Gwari masu zuwa daga wajen Unguwar Dosa, na hura. Wuta ta kama da kyau. Na ƙara itace.

Da fari ƙas-ƙas muka fara ji, kamar ana taɓa kwano da cokali. Can sai ta koma bugu, kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Bututun suka fara rawa a jikin bango. Gwaggo ba ta tambayi kowa ba, ta kama hannun mai ɗakina, ta kora yaran gaba, suka shige ɗaki. Ina tsaye ina cewa ai haka take yi in ta fara, alhali ban taɓa ganin ta fara ba. Sai duron ya yi wani gurnani, murfin kwanon da na ɗora masa ya yi sama, ruwan zafi da tururi suka yi tsiri suka zubo tsakar gida, daidai inda yaran suke wasa ɗazu. Na janye itacen da sandar ƙarfe, na watsa yashi a kan garwashin. Kaza ɗaya ta ƙone a baya, dole na yanka ta. Ni kuma ɗigo biyu suka same ni a wuya.

Da abin ya lafa Gwaggo ta fito ta dubi ƙasar da ke tururi. Ta juya wajen mai ɗakina ta ce, "Da garwa ce, ƙafa ɗaya take samu. Yanzu an kawo mai zubowa daga sama. Ki haɗa kayanki, ranar Alhamis za mu tafi."

Bayan la'asar na tafi gidan Injiniya. Matarsa ta kawo mini ruwa, na faɗa masa abin da ya faru, ban rage ba. Na ɗauka dariya zai yi, bai yi ba. Ya tambaya ko wani ya ji rauni. Sannan ya tambaya ko na rufe famfon da ke ƙarƙashin duro kafin in hura. Na ce ban rufe ba, ban ma tuna da shi ba. Ya ce in je in yi sadaka, don mantuwar nan ce ta cece ni. Tururin da ya rasa hanci ya bi ta bututun ruwan sanyi ya fita ta duro. Da nan ma a rufe yake, da tankin ne zai fashe, ni kuma ina tsaye a gabansa. A wannan karon na saurari bayanin tururi har ƙarshe.

Sai da ya ga jikina ya yi sanyi sannan ya fara tsiyarsa. Ya ce, "Sarkin Gwanjo, kai in aka ba ka ajiyar doki, kafin mai shi ya dawo ka sayar da wutsiyar, ka ce ba ta ɗaukar kaya."

Na ce ya faɗi duk abin da zai faɗa, amma ya zo gobe.

Daga nan na biya ta wajen maƙerin ko zan fanso bututun. Na tarar ya riga ya yanyanka shi, har ya lanƙwasa munduwa shida. Dole na ɗauko sababbin bututu biyu da na ware wa wani mai saye, Injiniya ya haɗa su ranar Talata, ya cire guntun da na dandaƙe, ya miƙa mini ya ce in rataye a rumfa in riƙa gani. Ya lanƙwasa kan sabon yadda bakinsa zai kalli cikin duro, duk abin da ya tofo ya koma can.

Saura Gwaggo. Ita a ranta ta riga ta yanke cewa laifin na kayan Bature ne da wanda ya haɗa su, mai ɗakina ma haka ta ɗauka, don ba wadda ta san abin da na yi ranar Lahadi. Da na yi shiru, da mutuncina ya tsira. Amma na auna abin kamar yadda nake auna kaya. In laifin na tukunya ne, ba mai sake yarda a hura ta, ranar Alhamis kuma za su tafi. In laifin nawa ne, to abu ne da aka gyara. Ban da haka ga mutumin da ya yi mini aiki tsakani da Allah ana zaginsa a gidana. Gaskiyar ita ce ta fi riba, ko da yake ba ta da daɗin faɗa a gaban surukai.

Na je na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, tana ciki tana ɓare gyaɗa. Na ce, "Gwaggo, tukunyar nan ba ta da laifi, mai aikin ma ba shi da laifi. Akwai wani bututu da ya ce kada in taɓa. Ni na yanke shi na sayar."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Can ta ce, "Ka sayar."

Na ce, "Na sayar."

Ta ce, "To, in ka tashi ƙirga ribar, ka cire kaza."

Na ji mai ɗakina ta shaƙe dariya a ƙuryar ɗaki. Na roƙi Gwaggo ta bari a sake hurawa gobe Laraba, mai aikin yana tsaye, in ba ta gamsu ba ni da kaina zan kai su tasha. Ta ce za ta kalla, amma daga ƙofar zaure, yara kuma a kai su maƙwabta.

Injiniya ya nemi izini a wajen aiki ya zo da hantsi. Ya cire hularsa ya durƙusa ya gaishe ta, yana ce mata Inna, ya tambayi mutanen Zariya da hanya. Na ga ta ɗan saki fuska, ba ta zaci haka ba. Ya hura wutar da kansa, kaɗan-kaɗan, sannan ya jawo kujera ya zauna a jikin tankin, ya jingina da ginshiƙin duro, yana ba ta labarin yadda surukarsa ke dafa ruwan jego a ƙauyensu. Ba bugu, ba rawa. Gwaggo ta baro ƙofar zaure taku biyu, can ta ƙara uku. Bayan wani lokaci sai bakin dogon bututun ya fara fitar da farin tururi, yana tofa ruwa kaɗan cikin duro. Injiniya ya shiga makewayi ya murɗa famfo, ruwa ya zubo cikin kwatarniya yana hayaƙi.

Na ɗauka an gama. Gwaggo ta ce ita ruwan da ba ta ga tafasarsa da idonta ba, ba ta kiransa ruwan jego. Ruwan ɗumi kowa na iya yi, shi ne kuma ke sa mai jego ta kumbura. Tukunya a rufe, ta ina za ta san ya tafasa? Injiniya ya nuna mata sama, ya ce duk lokacin da ta ga bututun can yana fitar da tururi yana tofi, to ruwan da ke ciki yana tafasa, shi ne shaidarta.

Ba ta karɓi maganarsa haka nan ba. Ta sa aka kawo mata ƙwan zabi guda biyu, lokacinsu ne. Ta sa su a kwano, ta tara a bakin famfo har ruwa ya rufe su, ta kife faifai a kai. Ta zauna ta ɓantari goro, muna tsaye ni da Injiniya kamar masu jiran hukunci. Da ruwan ya fara hucewa ta zubar ta sake tarawa. Sai da ta gama cin goron sannan ta ɗauko ɗaya, ta fasa a gefen kwano, ta ɓare, ta raba biyu. Gwaiduwar ta daskare. Ta ci rabi, ta aika wa mai ɗakina da rabi.

Sai ta koma kan ganye. Ta ce a ina za a zuba ganyen da ake dafa ruwan da shi, ko a cikin duro? Injiniya ya haɗa hannu ya ce don Allah Inna kada a zuba komai a duro, zai toshe bututu. Ta yi tunani ta ce to, za ta riƙa jiƙa shi a kwatarniya, ta rufe, ya saki kafin a shiga. Ta ɗaga kai ta dubi tsanin, ta tambaya wa zai riƙa cika duron. Na ce zan sa mai garuwa. Ta ce namijin waje ba ya shigo mata gida safe da yamma ana jego, mace kuma ba ta hawa tsani. Na gane aikin a kaina ya faɗa. Da yamma ta ce in aika wa mutanen Zariya su ba direba babban akwatinta.

Bayan kwana goma sha biyu mai ɗakina ta haihu, mace, da safe ana yayyafi. Daga ranar na shiga aikin da ban taɓa yi ba tun ina saurayi. Bayan sallar asuba in ja ruwa a rijiya, in hau tsani da garwa, sau huɗu, in hura wuta, sannan in tafi rumfa. Kafin la'asar in dawo in sake. Makon farko kafaɗuna suka yi tsami, abokan kasuwa suna tambaya ko na koma garuwa ne su ba ni ciniki. Ranar suna ma ba a ɗaga mini ba, da babbar riga na sauko daga tsani na fita wajen baƙi.

Gwaggo kuwa ta sami wurin zama. Takan ajiye kujerarta a bakin ɗaki inda za ta hango bakin bututun, tana dama kunun kanwa tana ɗaga kai. Da ta ga tururi sai ta ce, ya yi numfashi, tashi. Daga zaure nakan ji ƙarar ganye a jiki, da muryarta tana faɗa wai mai ɗakina tana gocewa. Kafin a yi kwana ashirin tukunyar ta zama tata. Matan unguwa da ke zuwa barka ita ke zagayawa da su, tana nuna musu yadda ruwan zafi ke hawa mai sanyi ya sauko, kamar ita ta ƙera. In ta zo kan dogon bututun sai ta ce wannan hancinta ne, ba a taɓa shi, akwai wanda ya taɓa ya gani. Ba ta taɓa faɗin ko wane ne ba, ba kuma wadda ba ta sani ba.

Ranar da aka cika arba'in suka tafi Zariya yawon arba'in, aka nuna jaririya ga dangi. Kwana huɗu suka yi, mai ɗakina ta dawo da yaranta uku da tsarabar daddawa.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na yi asarar bututun jan ƙarfe wanda har na bar sana'a ban sake samun irinsa ba, da sababbi biyu da suka maye gurbinsa, da kaza ɗaya. Na hau tsani da garwa sau ɗari uku da ashirin, ban da na gwaji. Injiniya ya sami abin tsokanata har muka yi furfura, Gwaggo kuma ta sami nata. A ɗaya gefen, an yi wanka tamanin, ba a ɗauki garwar ruwan zafi ko ɗaya ba, ba wanda ya ƙone. Itacen da na tanada ya yi saura har bayan damina. Tukunyar ta yi mana jego uku bayan wannan, ta yi wa maƙwabta da ban ƙirga ba. Wata huɗu ko biyar da na ji tsoron zan yi ni kaɗai da kaji suka koma kwana huɗu. Na yi cinikai da yawa a Kaduna, wasu sun fi wannan kawo kuɗi nesa ba kusa ba, amma ban tuna wanda na fita da riba kamarsa ba.